Mai Takalmi da Ƙafar da Aka Hana Shi Shekara Talatin da Biyu

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi marigayi, wanda jama'a ba su san shi da wani suna ba sai Mai Takalmi, a ranar Alhamis cikin watan Afrilu na shekarar 1946, a wani gari da ke kan layin dogo, a gida na huɗu in an baro tasha. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aikinsa bin layi a ƙafa da guduma a kafaɗa yana duba ƙusoshi, mahaifiyarsa kuwa tela ce da ke ɗinki da keken hannu a cikin gida. Allah ya azurta su da 'ya'ya maza uku: babban, wanda ƙannensa ke ce wa Yaya, an haife shi a 1938, sai marigayi a tsakiya, sai Auta, wanda ya zo a 1955 bayan iyaye sun fid da rai, ya kuma tashi da kafiya irin ta ɗan da ba a taɓa ce wa bari ba.

Wajibi ne a faɗa tun daga nan cewa duk da marigayi ya riƙe ƙafafun dubban mutane, tarihinsa a kan ƙafafun mutum biyu ya rataya. Ta farko ƙafar yayansa ce, wadda aka miƙa masa a hannu amma bai gane abin da take gaya masa ba. Ta biyu ƙafar ƙanensa ce, wadda da an ba shi da ya gane, amma aka hana shi taɓa ta har shekara talatin da biyu.

Karatunsa da koyon sana'a

A shekarar 1953 aka sa shi makarantar firamare, ya kammala a 1960 da kyakkyawan rubutu da matsakaicin lissafi. A wannan shekarar mahaifinsa ya damƙa shi ga wani dattijo maɗinkin takalmi da ke da shago a bayan babban asibitin garin, wanda likitoci ke tura wa masu karkatacciyar ƙafa da waɗanda shan inna ta taɓa. Shekara takwas cif ya yi a wurinsa, ya koyi yankan fata, da riƙon basilla, da gyaran ƙafar katako da ake ɗora takalmi a kanta.

Sai dai babban abin da ya gada wurin dattijon wata ƙa'ida ce da ba a sassauta wa kowa, ko wane ne shi: ba a awon ƙafa da safa. Mutum zai cire takalmi da safa, ya taka farar takarda, a zagaye ƙafar da fensir, sannan maɗinki ya ɗauki ƙafar ya ɗora a cinyarsa, ya bi ta da hannu tun daga dunduniya har kan yatsu, ya rubuta duk abin da ya ji a gefen zanen tare da kwanan wata. Takardar kuma ba a yar da ita. Marigayi ya riƙe wannan ƙa'ida da hannu bibbiyu har ƙarshen rayuwarsa.

Buɗe shago da aurensa

Bayan rasuwar dattijon a 1968, marigayi ya karɓi shagon, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, da benci na katako, da kantoci uku da ya jera takardun awo a kai bisa shekara. A 1971 ya auri 'yar kafintan da ke sassaƙa masa ƙafafun katako, mace mai haƙuri da yawan barkwanci, wadda ta sha gaya wa maƙwabta cewa mijinta ya fi gane mutum ta ƙafa, in ya kalli fuska sai ya yi ta kame-kame. Tsakanin 1973 da 1985 sun haifi 'ya'ya shida, ɗaya ya rasu yana jariri.

A waɗannan shekaru Yaya ya zama mai raba wasiƙu, yana zaga unguwanni da jaka a kafaɗa tun safe har azahar, Auta kuwa ya zama direban babbar mota mai dogon zango. Dukansu biyu masu shan sigari ne na gaske, kuma dukansu takalman ɗan'uwansu suke sawa, suna alfahari da su a gaban abokan aiki.

Al'amarin Yaya

A farkon shekarar 1985 Yaya ya fara kukan cewa in ya yi 'yar tafiya sai naman bayan ƙwaurinsa na hagu ya ɗaure tamau, dole ya tsaya, in ya huta minti biyu ko uku kuma ciwon ya sake shi kamar ba a yi ba. Da yake shi mai tafiya ne, ƙanensa kuma maɗinki ne, su biyun suka ɗora laifin a kan takalmi. Marigayi ya sake masa awo, ya ɗinka wani mai taushin ƙasa. Ciwo bai tafi ba. Ya ɗinka na biyu, ya ɗaga dunduniya kaɗan. Da Yaya ya dawo a karo na uku, marigayi ya ɗora ƙafar a cinya, ya ji ta sanyi ƙalau alhali ana tsakar zafi, ya ga gashin ƙwauri ya kakkaɓe, fata ta yi sulɓi, farce ya yi kauri. Duk ya gani, duk ya rubuta. Takardar tana nan har yau, kuma a ƙarƙashin waɗannan alamomi, da kyakkyawan rubutunsa, ga abin da ya hukunta: "Ƙafa na jin sanyi. A ƙara shafi mai kauri daga ciki."

Kaico! Babu wanda zai yi wannan kuskure sai gwanin da ya amince da sana'arsa. Da hannunsa bai iya aiki ba, da Yaya ya gaji ya nemi likita. Amma kowane sabon takalmi yakan ba shi sauƙi na 'yan makonni, ko kuma ya ce ya ba shi don kada ƙanensa ya ji kunya. A safiyar wata Litinin cikin watan Maris na 1987, Yaya ya dafe ƙirji a kan matakalar gidan waya, ya zube da jakar wasiƙu a wuyansa, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Yana da shekara arba'in da tara, kuma takalmin nan mai kaurin shafi ne a ƙafarsa.

Mako biyu bayan haka marigayi ya ɗauki takardun awon uku ya kai wa wani tsohon likita da yake ɗinka wa takalmi, ya roƙe shi ya gaya masa gaskiya. Likitan ya karanta, ya cire tabarau, ya ce masa: "Malam, ai ka rubuta cutar tsaf, sunanta kawai ba ka sani ba. Jijiyoyin jinin ƙafarsa ne suka tsuke, jini ba ya isa nama in yana tafiya. Abin da ya tsuke na ƙafa kuwa, shi ne ke tsuke na zuciya. Kamar bututun ruwan gida ɗaya ne, in ka ga famfon tsakar gida ya rage ƙarfi, kada ka ce na kicin lafiya lau yake." Daga nan ya kama yatsun marigayi ya ɗora su a kan tasa ƙafar, ya nuna masa wurare biyu da ake jin bugun jini, ɗaya a bayan ƙafa daidai layin babban yatsa, ɗaya a bayan idon sawu ta ciki. Ya kuma ja masa kunne cewa shi ba likita ba ne, kada ya ba kowa magani, iyakarsa ya ji, ya turo.

Marigayi bai ɓoye wannan bayani ga danginsa ba, kuma gaskiyar da ya faɗa ita ta raba shi da Auta. Auta ya kasance yana son Yaya fiye da kowa a duniya. A gaban mahaifiyarsu ya cire takalman da ke ƙafarsa ya ajiye a ƙofar ɗaki, ya ce: "Shekara biyu ƙafarsa tana hannunka kana liƙa mata fata! Wallahi ba za ka sake taɓa tawa ba." Ya fita ba takalmi, kuma duk wanda ya san Auta ya san ba ya rantsuwa ya janye.

Shekarun jan biro

Daga watan Afrilu na 1987 aka samu ƙari a ƙa'idar shagon. Duk wanda ya haura shekara arba'in, bayan an zana ƙafarsa, sai marigayi ya ɗora yatsu uku a wuraren nan biyu ya yi shiru, ya rufe ido, sannan ya tambaye shi ko yakan tsaya a hanya don ciwon ƙafa, ko ciwon yakan lafa in ya huta, ko yana shan taba, ko an taɓa ce masa yana da sukari ko hawan jini. In bai ji bugu ba, ko amsoshin ba su kwanta masa ba, sai ya yi da'ira da jan biro a kan zanen, ya kwafi takardar ya miƙa wa mutum, ya nuna masa ƙofar bayan asibiti da ke kallon shagon, ya ce a duba ƙafa, a kuma duba zuciya. Takalmi kuwa ba zai ɗinka ba sai an dawo da shaidar an je.

Jama'a ba su karɓi wannan da daɗi ba. Wani mahauci ya daka masa tsawa: "Ni ɗinki na zo ko asibiti?" Ya fice yana ƙunƙuni, bayan wata huɗu ya dawo da ɗinkin tiyata a ƙirji, ya zauna a benci ya cire safa. Wasu sun tafi ba su dawo ba har abada, maiɗakinsa kuma ta riƙa zolayarsa cewa shi kaɗai ne ɗan kasuwar da ke korar masu ciniki da hannunsa. Ba kullum yake dacewa ba, domin akwai waɗanda ya tura aka ce lafiyarsu ƙalau, suka dawo suna yi masa dariya, shi kuma ya taya su, ya ce dariyar da ake yi a tsaye ba ta dame shi ba.

A shekarar 2009, bayan tsohon likitan ya daɗe da rasuwa, wata likitar zuciya da aka kawo asibitin ta lura cewa marasa lafiya suna ta shigo mata da zanen ƙafa a hannu. Ta bi sawu har shagon, ta ga kantocin, ta tsaya baki buɗe. Wata uku ta yi ita da abokan aikinta biyu suna zuwa bayan an tashi aiki suna bin takardun ɗaya bayan ɗaya. Cikin mutane wajen dubu huɗu da suka haura arba'in, sun tarar da jar da'ira a kan kusan ɗari biyar, watau mutum ɗaya cikin takwas. Cikin waɗanda aka gano fayil ɗinsu a asibiti aka kuma tabbatar da tsukewar jijiyar ƙafa, kusan rabi an same su da tsukewa a jijiyoyin zuciya, da yawansu kuwa ba su taɓa jin ko ɗis a ƙirji ba. Wanda bai ga takardun ba zai ce ƙari ake yi, amma wallahi babu ƙari. Mutum mai karatun firamare, da yatsu uku da biro ɗaya, a ɗaki mai taga ɗaya! Da likitar ta karanta masa adadin, ba murna ya yi ba, cewa ya yi: "Likita, akwai ƙafa ɗaya da ba ta cikin nan."

Tsakaninsa da Auta

Zumunci bai yanke ba. Auta yana zuwa gaisuwa, yana ɗaukar 'ya'yan yayansa a mota, har suna ya raɗa masa, yana ce masa Likitan Ƙafa cikin gatse. Amma takalmin kanti yake sawa, kuma ko a ɗakin yayansa ya zauna ba ya cire safa. Marigayi ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tura maiɗakinsa, ya tura abokai, duk a banza. Sau ɗaya matar Auta ta sato masa tsohon takalmin mijinta, wani lokaci kuma ya auni sawun da Auta ya bari a ɗanyen siminti; da waɗannan ya riƙa ɗinka masa takalma yana aikawa, ana mayar masa da su, har ƙafa goma sha ɗaya suka taru a kanta ta sama. Amma sawu a siminti ba ya bugawa, kuma bugun ne yake nema.

A 2015 Auta ya ajiye tuƙi, ya dawo unguwar da zama, kuma daga tagar shago ana hango layin da yake bi zuwa majalisarsa. A nan marigayi ya ga abin da ya shekara yana tsoro: Auta yakan tsaya daidai turken lantarki na biyar, ya ciro waya kamar an kira shi, ya daɗe yana kallonta, sannan ya wuce. A 2017 a turke na uku yake tsayawa. A farkon 2019 ya koma na biyu. Da marigayi ya tare shi da maganar, Auta ya ce: "Kai dai ba ka da aiki sai ƙirga min turaku. Kulocin mota ne ya cinye min ƙafa, shekara talatin da biyar ina taka shi." Marigayi ya ce ko shi ba zai taɓa ba, a je wa likita. Auta ya ce likitocin ma ai duk almajiransa ne, ya yi dariya ya kunna sigari.

Jinyarsa

A watan Yuni na 2019 aka gano marigayi yana da ciwon hanta wanda ya riga ya yi nisa, aka kwantar da shi a hawa na farko na asibitin da ya shekara talatin yana tura wa mutane. A hantsin wata Talata cikin watan Agusta, Auta ya zo duba shi, ya tarar da maiɗakinsa da babbar 'yarsa, wadda malamar makaranta ce, suna zaune. Marigayi ya sa aka ta da shi aka jingina shi da matashi, ya nemi takarda da fensir, ya dubi ƙanensa ya ce: "Auta, laifin Yaya na ɗauka, ban taɓa musu ba. Amma kada ka sa in tafi da biyu. Ɗora ƙafarka a nan."

Waɗanda ke ɗakin sun shaida cewa Auta ya sunkuya ya kwance igiyar takalmi, ya zare safa, ya ɗora ƙafarsa ta hagu a kan gadon yana cewa: "To ga ta nan, Likitan Ƙafa, sai ka cinye ta." Marigayi ya zagaye ƙafar da fensir, layin yana karkacewa saboda hannu ya yi rauni, sannan ya ɗora yatsu uku ya rufe ido. Ya koma bayan idon sawu. Ya nemi ƙafar dama, ya yi mata haka nan. Sai ya ce a ba shi jan biro. Aka duba ko'ina babu, har sai da 'yarsa ta tuna da wanda take duba aikin ɗalibai da shi a jakarta. Ya yi da'ira biyu, ya miƙa wa ƙanensa takardar ya ce: "Hawa na biyu, ƙofa ta uku. Yanzu, ba gobe ba." Auta ya fita da takarda a hannu ɗaya, takalmi a ɗayan, ya manta safarsa a kan gado.

Binciken da likitar zuciya ta yi ya nuna jijiyoyin ƙafafunsa duka biyu sun tsuke, kuma cikin manyan jijiyoyin zuciyarsa uku, biyu saura ƙiris su toshe. Ta ce ita kanta tana mamakin yadda ya hawo matakala da ƙafarsa. Bayan kwana takwas aka yi masa tiyata. Washegari da safe aka sauko aka gaya wa marigayi cewa Auta ya farka, har ya fara faɗa da nas a kan an hana shi shayi. Marigayi ya yi dariyar da ta sa shi tari, ya ce alhamdulillahi sau uku, ya ce a ɗauko safar nan daga ƙarƙashin matashinsa a kai wa mai ita.

Rasuwarsa da waɗanda ya bari

Allah ya karɓi ransa bayan kwana biyu, da safiyar Asabar ta ƙarshen watan Agusta na shekarar 2019, yana da shekara saba'in da uku. An yi masa salla da azahar, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan tasha, kusa da kabarin Yaya. Jama'ar da ta raka shi ta cika layi, kuma an ga dattawa da dama riƙe da tsohuwar takarda a naɗe, wasu ta yi ja don daɗewa, ba wanda ya ce su zo da ita. Auta bai samu halarta ba, yana kwance a hawa na biyu. Sai bayan wata biyu ya taka da ƙafarsa har kabarin, sanye da ɗaya daga cikin takalman nan goma sha ɗaya, wanda ya zauna masa daidai kamar an auna. Ya tsaya hutawa sau huɗu a hanya, kuma bai ciro waya ba ko sau ɗaya.

Marigayi ya bar maiɗakinsa da 'ya'ya biyar: babbar 'yarsa malamar makaranta, na biyu mai gyaran lantarki, na uku wanda ya gaji shagon da kantocinsa da ƙa'idarsa, ta huɗu ungozoma, da ƙaramar, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini. Ya bar jikoki goma sha bakwai. Ya kuma bar ƙane ɗaya, wanda ya daina sigari, yake shan maganinsa kan lokaci, kuma har ranar da aka rubuta wannan tarihi yana nan da ransa. Kowace safiya yakan zo ya zauna a kan bencin nan na bakin shago, duk wanda ya shigo awo, kafin ya gama sallama, zai ji muryar Auta daga gefe: "Malam, cire safa."

Allah ya jiƙan Mai Takalmi, ya haɗa shi da yayansa cikin rahama.